Asalin kalmar “work” ta fiziks da dangantakarta da “energy”

Tambaya: A darasin fiziks ana koya mana cewa “work” shi ne ƙarfi sau nisa. Yawancin kalmomin darasin daga Latinanci ko Girkanci suke, amma wannan ta fi kama da Turancin yau da kullum. Wani ya ce daga Jamusanci aka aro ta, wani kuma ya ce daga Girkanci, wai tushensu ɗaya da “energy”, wato makamashi. Wanne ne daidai?

Amsa:

Kowannensu ya taɓo gaskiya, amma duk sun kauce a kalma guda, wato “aro”. Turanci bai ari work daga hannun kowa ba, gadonta ya yi. Tana bakin Angulawa da Saksonawa tun lokacin da suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da yankin Denmak suka sauka Birtaniya a ƙarni na 5. Jamusanci ma ya gaji irinta daga kaka ɗaya, Girkanci kuma daga kakan kaka. Abin da aka aro shi ne ma'anar da take ɗauke da ita a fiziks, kuma daga Faransa aka aro shi, kimanin shekara 200 da suka wuce. Ke nan tarihin jikin kalmar daban, tarihin ma'anarta daban, kuma gara a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar tukuna. Idan masana harshe suka ce kalma tana da tushe a dangin harsunan Jamus, ba Jamusancin da ake yi a Berlin suke nufi ba. Suna nufin wani tsohon harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, wanda ya rarrabu ya haifi Turanci, Jamusanci, harshen Holan, harsunan Siwidin da Norwe da Denmak da Aisland, da harshen Gotawa wanda ya mutu. Turanci da Jamusanci wa da ƙane ne, babu wanda ya haifi wani. A tsohon Turanci kalmar tana zuwa da siffar weorc, a wasu yankuna werc ko worc. A Jamusanci Werk, a harshen Holan werk, a tsohon harshen mutanen Sikandinabiya verk. Daga waɗannan aka sake gina siffar kakarsu, *werką. Tauraron da ake sa mata a gaba alama ce ta cewa ba a same ta a rubuce ba, daga kwatanta 'ya'yanta aka gano ta.

Fi'ilin ma tsoho ne. A fassarar Littafi Mai Tsarki da Wulfila ya yi wa Gotawa a ƙarni na 4 akwai waurkjan, wato yi ko aikata. A ƙasar Norwe akwai wani dutse da ake kira dutsen Tune, wanda aka sassaƙa wa rubutu wajen shekara ta 400, kuma a jikinsa mai sassaƙar ya ce worahto, ma'ana “na aikata”. Wannan siffa tana nan a Turanci har gobe. Fi'ilin tsohon Turanci wyrcan ne, shuɗaɗɗen lokacinsa worhte, sai baƙin r da wasalin suka yi musayar wuri ya koma wrought. Don haka wrought iron, ƙarfen da aka sarrafa da guduma, ma'anarsa kawai “ƙarfen da aka yi wa aiki”. Siffar worked daga baya aka ƙirƙiro ta. Daga nan kuma wright ta fito, mai sana'ar hannu, wadda ta rage a shipwright, maƙerin jirgin ruwa, da sunayen iyali irin su Cartwright.

Ɗalibai kan yi mamakin yadda ake rubuta kalmar da o amma a furta ta kamar da e. Matakai uku ne suka kawo haka. Na farko, a tsohon Turanci wasalin e idan r da wani baƙi suka biyo bayansa yakan tsage gida biyu ya zama eo. Dubi Jamusanci Herz, Stern, Erde, Schwert, Werk, ka jera su da tsohon Turanci heorte, steorra, eorþe, sweord, weorc. Jamusanci ya riƙe e ɗinsa, Turanci ya tsaga. Na biyu, baƙin w da tattare leɓe ake furta shi, sai ya ja wasalin da ke biye da shi zuwa o ko u, aka samu worc da wurc, siffar fi'ilin ma ta taimaka. Na uku laifin marubuta ne. A rubutun hannu na tsakiyar zamani, u da n da m da i duk gajerun sanduna ne a jere, w kuwa u biyu ce, don haka “wu” takan zama tarin sandunan da ba a iya karantawa. Sai suka riƙa sa o a gurbin u. Dalilin ke nan da ya sa ake rubuta wolf, wonder, worm da o alhali ba sautin o ake ji ba. Daga baya sautukan er, ir da ur suka narke suka zama ɗaya a yawancin Ingila. A arewa da Sikotland kuwa werk ta bi wata hanya ta zama wark. Wannan siffar ce a sunan unguwar Southwark ta Landan, wato ginin tsaro na kudu, da garin Newark, sabon gini. A nan work na nufin katanga ko ganuwa, abin da aka gina. Bolwerk ta harshen Holan, ganuwar katako da ƙasa, ta shiga Turanci a matsayin bulwark, ta shiga Faransanci a matsayin boulevard, domin manyan titunan Paris a kan gurbin ganuwar da aka rushe daga 1670 aka shimfiɗa su. Duk boulevard ɗin da ke Yamai yana ɗauke da wannan werk a wutsiyarsa.

Yanzu ga Girkanci. Kalmarsu ta aiki ita ce ergon. A ido ba ta yi kama da work sosai ba: babu w a farko, kuma g ce a inda Turanci ke da k. Duka bambance-bambancen biyu suna da bayani.

Tsohon Girkanci yana da wani harafi mai kama da F da ake kira digamma, sautinsa w ne. Karin harshen Atina ya yar da shi da wuri, amma wasu yankuna sun ci gaba da rubuta shi, kuma a rubuce-rubucensu na kan tagulla da dutse ana ganin wergon da wargon. Tun a ƙarni na 18 masanin Ingila Richard Bentley ya lura cewa ma'aunin baitoci da yawa a waƙoƙin Homer, tsohon mawaƙin Girka, ba ya daidaita sai an mayar da w ɗin da ya ɓace a farkon kalmomi irin wannan. Haka oinos, giyar inabi, asalinta woinos ce, 'yar uwar vinum ta Latinanci. To ke nan wergon da werk muke kwatantawa, saura g da k.

Wannan kuwa ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Rasmus Rask, mutumin Denmak, ya nuna a 1818, Jacob Grimm kuma ya tsara a 1822, cewa baƙaƙen dangin harsunan Jamus sun gusa gaba ɗayansu bisa ƙa'ida, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Inda Latinanci da Girkanci ke da p, t, k, su suna da f, th, h: pater da father, tres da three, kardia da heart. Inda suke da b, d, g, su suna da p, t, k: decem da ten, genu da knee, ager da acre, gelu da cold, ego da ik na harshen Holan. A knee an daina furta k a Turanci, amma Bajamushe har yanzu yana furta ta a Knie. Saboda haka idan Girkanci na da werg-, abin da ƙa'ida ta ce a tarar a wannan dangi shi ne werk-, kuma shi aka tarar. Da aro aka yi daga Girkanci, da g ɗin tana nan, kamar yadda take a energy da organ. Tushen da suka haɗu a kai ana rubuta shi *werǵ-, kuma ya bar 'ya'ya a wasu wurare: gorc a harshen Armeniya, aiki, da varzesh a Farisanci, motsa jiki.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Basakkwace na cewa zamna, sabka, abduga, amre, Bakano na cewa zauna, sauka, auduga, aure. Baƙin da ya rufe gaɓa ya koma u a Kananci, kuma bai zaɓi kalma ɗaya ya bar sauran ba, abin da ake kira dokar Klingenheben. Ita ce ta ba mu talauci daga talaka. Amma lakca ba ta zama “lauca” ba, domin ta shigo bayan an tashi daga wannan kasuwa. Haka g ɗin energy take: ta iso Turanci ta hannun Latinanci da Faransanci a ƙarni na 16, sauyin ya daɗe da wucewa.

Mai son bincika wata kalmar da kansa, ga yadda ake yi. Ka nemi siffarta mafi tsufa a rubuce, kada ka yi aiki da rubutun yau. Ka jera ta da takwarorinta a harsunan dangi. Sannan ka gwada kowane baƙi da ƙa'idar, ka ga ko wasu kalmomi da dama sun bi hanya ɗaya. Ma'ana ita ce ta ƙarshe. Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne farawa da kamanni. Have ta Turanci da habere ta Latinanci sun yi kama a ido, ma'anarsu ma ɗaya, amma ba su haɗa jini ba. H ta Turanci k take nema a Latinanci, don haka 'yar uwar have ita ce capere, kamawa. A wannan fanni, kamannin da ya yi yawa shi ne abin zargi.

Ta ɓangaren Girkanci tushen ya cika fiziks da 'ya'ya. Energeia, wato en da ergon, kasancewa cikin aiki, kalmar falsafa ce a wajen Aristotle. Thomas Young ne ya ɗauko ta a laccocinsa da aka buga a 1807 ya sa wa nauyin abu sau gudunsa sau gudunsa. William Rankine ya ƙirƙiro sunan potential energy, wato makamashin da ke ajiye, a 1853. Erg, ma'aunin aiki a tsarin santimita da giram da daƙiƙa, wani kwamitin masana kimiyya na Birtaniya ne ya tsayar da shi a 1873, ta hanyar datse ergon. Iskar argon da Rayleigh da Ramsay suka gano a 1894 sunanta na nufin malalaciya, a- ta korewa da ergon, saboda ba ta haɗuwa da komai. Don haka jimlar da ke cikin kowane littafin sakandare, cewa energy shi ne ikon yin work, kalma ɗaya ce ta bayyana sau biyu, ɗaya da rigar Girka ɗaya da ta gida.

Sai dai duk wannan bai gaya mana dalilin da work ta zama ƙarfi sau nisa ba. A tsohon Turanci weorc na nufin aiki, abin da aka gina, har da wahala da ciwo. Babu lissafi a ciki. Lissafin daga ramukan haƙar ma'adinai ya fito. A ƙarni na 18 injinan tururi na zuƙe ruwa daga ramukan kuza da tagulla na Cornwall, masu ramukan kuma suna son sanin wane inji ne ya fi amfani da gawayinsu. Sai suka riƙa auna fam nawa na ruwa inji ke ɗagawa ƙafa ɗaya da awo guda na gawayi, suna kiran wannan duty. James Watt ya tsayar da ƙarfin doki a kan ɗaga fam 33,000 ƙafa ɗaya cikin minti guda. Nauyi sau tsawo ya riga ya zama abin ciniki, amma kowa da sunan da yake kiransa.

Injiniyoyin Faransa ne suka raɗa masa suna. Gaspard-Gustave Coriolis, a littafinsa na 1829 kan lissafin amfanin injuna, ya kira shi travail, Jean-Victor Poncelet kuma ya yaɗa kalmar a darussansa na Metz. Coriolis ne kuma ya sa rabi a gaban mv², wato nauyi sau gudu sau gudun nan na Young, don adadin ya zo daidai da aikin da aka yi wajen ba abu gudu. Rabin nan da ɗalibai ke mantawa a jarrabawa, daga ma'anar work ya samo asali. Ya ma ba da shawarar ma'auni mai suna dynamode, kilo 1,000 a ɗaga mita ɗaya, amma bai karɓu ba. Da abin ya ƙetara Ingila an yi 'yar jayayya kan fassara. William Whewell ya yi amfani da labouring force a 1841, Henry Moseley ya yi amfani da work a 1843, kuma gajeruwar ce ta yi nasara. A ganina daidai aka zaɓa, domin sa force a cikin sunan zai ƙara cakuɗa abubuwa biyu da ake fama a raba. Ita kanta travail daga tripalium ta Latinanci take, wani abin azabtarwa mai sanduna uku, kuma ita ce ta ba Turanci travel.

Abin da ke rushe zancen aro daga Jamusanci gaba ɗaya shi ne, Jamusawa ba sa cewa Werk a fiziks. Arbeit suke cewa. Holan da Norwe arbeid, Siwidin arbete, Denmak arbejde. Wannan wani tushe ne daban mai ma'anar wahala, tsohon Turanci yana da shi a siffar earfoþ amma ya yar. Shi ya sa za ka ga wasu littattafan Jamusanci da na Rashanci suna rubuta A a inda muka saba ganin W. Werk a wajensu masana'anta ce ko abin da aka ƙera: Kraftwerk tashar wutar lantarki, Werkzeug kayan aiki.

Mai karanta tsofaffin takardun fiziks na Jamus ya yi hattara da Wirkung. Daga wirken take, 'yar ɗaki ɗaya da work, amma a fiziks tana nufin abin da Turanci ke kira action, wato makamashi sau lokaci. Adadin da Max Planck ya fito da shi a 1900, h, Jamusawa na kiransa Wirkungsquantum, kuma ma'auninsa jul (ma'aunin aiki da makamashi) sau daƙiƙa ne, kimanin 6.626 × 10⁻³⁴. Wanda ya fassara Wirkung da work saboda dangantakar jini ya ɓata ma'auni. Wirkungsgrad kuma ingancin inji ne, kason abin da ya fito daga abin da aka zuba. Abin da Turanci ke kira work function, mafi ƙarancin makamashin da zai fizge ilektaron daga jikin ƙarfe, su Austrittsarbeit suke ce masa, aikin fita.

Tunda kalmar ta gida ce, ɗalibi yakan shigo aji da ma'anarta ta gida, kuma aiki ta Hausa ma haka take yi masa. Ƙa'idar ita ce W = F × d × cos θ, inda W aiki ne, F ƙarfi, d nisa, θ kuma kusurwar da ke tsakanin inda ƙarfin ya dosa da inda abin ya gusa. Ɗauki jarka mai lita 25 cike da ruwa, kilo 25 ke nan idan an bar nauyin robar. Ƙarfin da ake bukata a riƙe ta shi ne 25 × 9.8, niyutan 245. Ɗaga ta daga ƙasa zuwa ka, a ce mita 1.6, aikin jul 392 ne. Wanda ya rubuta 25 × 1.6 ya samu 40 ya yi kuskuren da aka fi yi, ya ɗauki kilo a matsayin ƙarfi. Idan aka yi tafiyar mita 100 da jarkar a ka a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da sauya sauri ba, ƙarfin yana duban sama, tafiyar tana duban gaba, kusurwa digiri 90, cos ɗinta sifili, aikin da aka yi wa jarkar sifili ne. Wuya zai yi tsami, gumi zai zubo, domin zaruruwan tsoka suna ta ɗamewa suna saki suna ƙona abinci, amma wannan makamashin zafi yake zama a jiki, ba ya shiga jarkar. Tebur zai riƙe ta shekara bai ci komai ba. Sauke ta ƙasa a hankali kuwa aikin hannunka −392 ne, saboda ƙarfinka na sama, motsin na ƙasa. Idan matakala aka hau da ita, tsayin da aka hau a miƙe ake sawa, ba tsawon matakalar ba.

Kusurwa na cin aiki fiye da yadda ake zato. Ja buhu da igiya da niyutan 200 tsawon mita 10: a kan digiri 30 aikin jul 1,732 ne, a kan digiri 60 ya sauko 1,000. Idan kalkuleta ta ba ka kusan −1,905 a na biyun, tana kan radiyan ne, ka mayar da ita digiri.

Ma'aunai ma suna da tarkonsu. Jul, wanda aka sa wa sunan James Joule aka kuma amince da shi a 1889, erg miliyan 10 ne, don haka ɗaga jarkar nan erg biliyan 3.92 ne, kuma har yanzu masana taurari da erg suke yawan lissafi. Yunit ɗaya na mitar wuta jul miliyan 3.6 ne, daidai da ɗaga jarkar sau fiye da 9,000. Niyutan-mita da ake gani a jikin sifanar ɗaure noti ma'aunin ƙarfin murɗawa ne, ba a rubuta shi da jul ko da yake sassan ma'aunin iri ɗaya ne, domin a can nisan a gicciye yake da ƙarfin, babu abin da ya gusa tukuna.

Na ƙarshe shi ne alamar W a darasin zafi. Littattafan fiziks da na injiniya da yawa suna bin al'adar Rudolf Clausius, ΔU = Q − W, inda ΔU sauyin makamashin cikin gas ne, Q zafin da ya karɓa, W kuma aikin da iskar gas ta yi wa abin da ke kewaye da ita ne, domin su abin da inji ya bayar ne ya dame su. Littattafan kemistiri kuwa suna rubuta ΔU = Q + W, inda W aikin da aka yi wa gas ɗin ne. Gas da ya karɓi zafi jul 500 ya tura fistin da aikin jul 200, a tsari na farko W = +200, a na biyu W = −200, amsar duka 300 ce. Wanda ya ɗauki ƙa'idar daga littafi ɗaya, alamar daga ɗayan, 700 zai samu. Kafin ka sa lamba, ka duba ko littafin ya ce work done by ko work done on.